Naman da Aka Ɗura Masa

Marin ya sauka tun Auta ba ta rufe baki ba. Sai da ta ga wuta. Ta dafa bangon falo don kada ta faɗi, ɗankunnenta ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kujera.

"Maimaita," in ji Yaya Babba, yana huci. "Maimaita abin da kika faɗa a gaban Baba."

Ba ta maimaita ba. Ita ma ta san ta yi ɓarna.

Tun jiya gidan ya ɗauki zafi. Dogo, ma'aikacin gandun daji da suka shekara biyu suna son juna, jiya ne ya fara zuwa gaida mahaifinta. Baba kuwa mahauci ne, shekara talatin da biyar yana riƙe da wuƙa, babu wanda bai san shagonsa na bakin kasuwa ba. Da hannunsa ya zaɓi cinyar rago, ya tsaya a kai aka gasa, ya ajiye a gaban baƙo.

Dogo ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a yi mini afuwa. Jan nama ba ya karɓa ta. In na ci, asibiti ake kai ni."

Baba ya jawo farantin ya rufe. Ya tashi ya bar masa falon.

Shi ya sa yau da safe Auta ta durƙusa gaban Baba tana ƙoƙarin wanke Dogo. A ɗakin gwajin jini na asibiti take aiki, ta san ciwon kamar tafin hannunta.

"Wallahi Baba ba raini ba ne," ta ce. "Kaska ce ta jawo masa. Kullum yana cikin daji, ta sha cizonsa. Akwai wadda in ta ciji mutum sai jininsa ya ɗauki naman sa da na rago a matsayin abokin gaba. Kaza da kifi yana ci lafiya lau."

"Ni kaska nawa na cire a jikina?" in ji Baba. "Tun ba a haife ki ba nake cikin dabbobi."

"Ai ba kowa take kwantarwa ba. Bara da aka ɗebi jinin ma'aikatan mayanka, ni na gwada. Mutum arba'in, goma sha ɗaya suna da alamar a jininsu. Maza masu aikin dabbobi da masu shiga daji sun fi samunta. Yawancinsu suna cin namansu ba abin da ke faruwa, amma wani in ta tashi masa..."

Yaya Babba ya katse ta da dariya. "Ciwon ragwaye dai. Namiji ƙato ya ce tsoka ɗaya za ta kashe shi. Ga Dillali nan, shekara guda yana zarya a kanki, mutumin da shanunsa ke cika mana shago, kin ƙi ko kallonsa. Kin je kin kwaso mana lalataccen jini."

Nan ne bakinta ya suɓuce.

"Kai ma kana cikin sha ɗayan, Yaya."

Abin da ya jawo marin ke nan. Sirrin aikinta ne, ba ta da ikon faɗa ko ga shi kansa a gaban mutane, balle ta jefe shi da shi a gaban mahaifinsu.

Ya finciko hannunta, ya murɗe shi ta baya har ta yi ƙara, ya zare wayarta. Umma ta taso da gudu ta shiga tsakaninsu, duk da haka ya ture Auta ta bugu da hannun kujera.

"Ni za ki tozarta saboda wancan banzan? Yau za ki ga mai lalataccen jini."

Baba ya miƙe ya ɗauki hularsa. "Ki ji da kyau. Wanda ba zai sa hannu a abincina ba, ba zai ɗauki 'yata ba. Na gama magana."

Suka fita, aka bar ta da Umma.

A ɗaki Umma ta jiƙa tsumma tana danna mata kunci. Auta tana kuka ba sauti, sai hawaye ke bin wuyanta.

"Ke ma da bakinki," in ji Umma. "Yayanki ne fa. Shi zai gaji shagon nan. In maganar ta fita kasuwa, wa zai sayi nama a hannun wanda aka ce nama ba ya yi da shi?"

"Na yi kuskure, Umma, zan ba shi haƙuri. Amma shi Dogo me ya yi? Ciwo laifi ne?"

"Babanki da sana'ar nan ya ciyar da ku, da ita ya kai ki makarantar da kike taƙama da ita. Jiya gani ya yi an ture rayuwarsa gaba ɗaya a faranti."

"To ni tawa rayuwar fa? Shekarata ashirin da bakwai. Ban taɓa kawo muku kowa ba sai shi. Lokacin da kika kwanta asibiti, wa ya ba da jininsa leda biyu? A ranar ba wanda ya ce lalatacce ne."

 Hannun Umma ya tsaya a kan kuncin.

"Ban ce ba mutumin kirki ba ne," ta faɗa a hankali. "Amma aure ba ku biyu kaɗai ba ne. Ki haƙura, Auta. Ki bari ƙurar ta lafa."

"In na bari, Dillali za a tura mini. Kin san irin kallon da yake mini, kamar saniyar da yake taya wa kuɗi. Gara in mutu ban yi aure ba."

"Daina faɗin haka." Umma ta matse tsumman a kwano. "Ni abin da ya tsaya mini a rai, da Yayanki zai fita na ji yana ce wa Dillali a waya su haɗu a bayan shago, wai baƙo zai zo. Kuma yana ta danne-danne a wayarki."

Nan take Auta ta gane wane baƙo ake nufi. Ta zari mayafi, ko takalmi ba ta tsaya zaɓa ba.

Babur ɗin Dogo ta fara gani, jingine a bakin shagon. Ta ratsa ta gefen masu sayayya ta tura ƙofar baya.

Ɗakin da ake saran nama ne. Ƙugiyoyi a jere a sama, firji biyu suna gurnani, ƙasa jiƙe da ruwa da jini. Dogo yana kwance rigingine a kan teburin katako. Yaya Babba ya danne masa ƙirji da gwiwa, ya riƙe hannayensa biyu. Girar Dogo ta fashe, jini ya rufe masa ido ɗaya. Dillali ya toshe masa hanci da hannun hagu, da na dama yana cusa masa dafaffen nama mai kitse.

"Haɗiye, angon gobe. Haɗiye mana."

Auta ta yi kan Dillali. Ta kama rigarsa ta baya ta ja, ta gantsara masa cizo a damtse. Ya yi wurgi da ita ta bugu da firji, bayan kanta ya yi ƙara. Kafin ta tashi ya ɗauki kwanon romo, ya matse wa Dogo muƙamuƙi ya tuttula masa. Dogo ya shaƙe, ya yi tari, ya haɗiye. Sai da kwanon ya ƙare suka sake shi.

Ya gangaro ƙasa yana numfashi sama-sama. Ta rarrafa ta tallafo kansa.

"Saƙonki na gani," ya ce da kyar. "Wai Baba ya huce, in zo mu gaisa."

"Ba ni ba ce. Ina allurarka? Ka zo da ita?"

Ya kai hannu aljihun wando ya zaro ta, allurar gaggawar da ba ya rabuwa da ita. Dillali ya fisge ta, ya juya ta a hannu yana murmushi.

"Wannan ce layar tasa?"

"Don girman Allah ka ba ni. Ita ce ransa."

Ya sake ta ƙasa, ya ɗora dugadugan takalminsa a kai ya murza. Ta ji ƙarar fashewarta har cikin haƙoranta.

A daidai nan Baba ya shigo, yana goge hannu da tawul. Ya dubi jinin da ke fuskar Dogo, ya dubi ɗansa.

"Wa ya ce ku dake shi?"

"Gardama ya yi, Baba," in ji Yaya Babba. "Amma ga shi nan. Ya ci kusan rabin kilo, ya sha romo. Ya mutu? Dube shi, garau."

Baba ya ƙura wa Dogo ido. Gaskiya ne, ban da raunin duka babu abin da ya same shi. Fuskar Baba ta ƙara haɗewa.

"Ashe ƙarya ka yi mini a gidana."

"Baba ba nan take yake tashi ba," in ji Auta. "Sai naman ya narke a ciki. Awa uku, wani lokaci huɗu ko fiye. Ku bar ni in kai shi asibiti tun yanzu, na roƙe ka."

"Kun ji ko?" Dillali ya yi dariya. "Ta kai shi asibitinsu su rubuta abin da suka ga dama."

Baba ya jawo benci ya zauna a bakin ƙofa. Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango. Sha ɗaya da rabi.

"Awa uku kika ce. To ba inda za shi. Ina nan zaune. In na ga ciwon da idona, ni da kaina zan ba shi haƙuri. In ban gani ba, kada in ƙara jin sunansa a bakinki."

"Baba ba abin gwaji ba ne. Mutuwa ake yi."

"Na gama magana."

Ta kama ƙafarsa tana kuka, ya janye. Ta ce ko amai a bari ya yi, Yaya Babba ya nuna ta da yatsa ya ce in ta ƙara motsi sai ya karya ta. Dogo ya kamo gefen mayafinta.

"Bari, Auta. Zauna."

Ta zauna kusa da shi a jiƙaƙƙen siminti, ta yage bakin mayafin ta danne masa girar.

"Ka tashi mu gudu," ta raɗa masa. "Ka fi su tsawo, ka ture su."

"In ture mahaifinki? Da wane ido zan ƙara kallonsa? In na gudu, maƙaryaci na zama har abada."

"In ka zauna kuma gawa za ka zama."

"Wani lokaci da sauƙi yake zuwa. Ƙila yau ma haka."

"Da kitsen nan da ka sha? Ni za ka yi wa wannan maganar?" Hawaye suka ƙwace mata. "Ni na ja maka. Bakina ne ya harzuƙa Yaya. Da na yi shiru da yanzu kana wurin aikinka."

"Ba ke kika danne ni ba." Ya yi ƙoƙarin murmushi, leɓensa da ya fashe ya hana. "Shekara huɗu rabona da jan nama. Wallahi ko gishiri bai ji ba."

Ta yi dariya cikin kuka, ta kifa kai a gwiwa.

Sha biyu ta wuce, ɗaya ta wuce. A waje ana ta ciniki, ana jin saran adda a kan katako. Dillali ya sa aka kawo masa lemo mai sanyi, yana sha yana tambayar Dogo ko a ƙaro masa. Baba bai tashi ba sai da ya yi salla a nan bakin ƙofar, ya koma bencinsa.

Biyu da kwata Dogo ya fara sosa tafin hannu.

Auta ta gani. Ta ɗaga hannun rigarsa. Borin jini ya feso masa ruɗu-ruɗu tun daga wuyan hannu har kafaɗa.

"Baba ya fara. Dubi jikinsa."

"Cizon sauro," in ji Dillali.

Dogo ya dafe ciki ya dunƙule. Cikin minti kaɗan leɓɓansa suka kumbura, fatar idonsa ta haɗe. Ya yi amai a ƙasa. Da ya ja numfashi sai aka ji wani siririn fito yana fita daga maƙogwaronsa.

Baba ya miƙe tsaye a hankali.

"Wasan kwaikwayo ne, Baba," in ji Dillali, ya tare ƙofar da jikinsa. "Saura minti goma awa ukun ta cika. A bari ta cika."

Auta ba ta san lokacin da hannunta ya kai kan teburin ba. Sai ganin addar saran ƙashi ta yi a hannunta. Ta riƙe ta da hannu biyu ta nufe shi.

"Matsa."

"Ke, ajiye wannan."

Ya kawo hannu zai kama ta, ta kai sara. Addar ta zafce masa bayan hannu ta nutse a katakon ƙofa. Ya yi baya yana ihu, jini na ɗiga ta tsakanin yatsunsa. Ta fisge addar ta juya kan yayanta.

"Kai ma za ka tare?"

Yaya Babba bai ko dube ta ba. Idonsa na kan Dogo, wanda leɓɓansa suka fara yin baƙi. Ya kai hannu ya shafa nasa wuyan, ya ja da baya har ya jingina da bango.

Baba ne ya sunkuya ya ciccibi Dogo. Tsoho mai shekara sittin da ɗoriya, ya saɓa shi a kafaɗa kamar yadda ya saba saɓa rabin sa, ya ratsa ta tsakiyar masu sayayya ya kwantar da shi a bayan motar kai nama.

Auta ta haye ta rungume kan Dogo. Baba ya ja motar da gudun da bai taɓa yi ba, hannunsa a kan oda har ƙofar asibiti.

"Ka ja numfashi. Kalle ni. Saura kaɗan." Idon Dogo ya juye, hannunsa ya saki nata.

A ɗakin gaggawa abokan aikinta suka karɓe shi. Ta faɗa musu abin da ya ci da lokacin da ya ci, aka caka masa allura a cinya, aka ƙara ta biyu, aka ɗaura ruwa. Da numfashin ya ƙi dawowa likita ya zura masa bututu a maƙogwaro. Aka fitar da ita aka ja labule.

Sai bayan la'asar likitan ya fito. "Mun samo shi. Da kun ƙara minti biyar da wani zancen ake yi." Ya dubi rigarta da ta ɓaci da jini. "Amma akwai karaya a haƙarƙarinsa biyu, fuskarsa kuma duka ne. Dole na kira 'yan sanda."

Umma ta riga ta iso. Da jin haka ta kama hannun Auta ta ja ta gefe.

"Ki ce faɗuwa ya yi a babur. Ki ce bai san da nama a abincin ba. Auta, ke da Yayanki ciki ɗaya kuka fito. 'Ya'yansa uku. In suka kama shi ɗaure shi za su yi."

"Umma, kashe shi suka so yi."

"Bai sani ba. Wallahi bai san haka abin yake ba. Ke ma fa kin sari mutum, in kika tona kin tona har da kanki." Umma ta zube a kan gwiwoyinta a tsakiyar baranda, mutane na kallo. "Ni na haife ki, ni ke roƙonki."

Auta ta ɗago ta tana kuka, ta zaunar da ita a benci.

Baba yana tsaye jikin bango, rigarsa duk aman Dogo. Ya tsufa a yini ɗaya. Ya matso, bai iya haɗa ido da ita ba.

"Na gani da idona," ya ce. "Na ce zan ba shi haƙuri, zan ba shi. In ya tashi ya turo manyansa, na ba shi ke." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma sunan ɗana ba zai shiga takardar hukuma ta bakinki ba. In kika faɗa, ki nemi wani uban."

Abin da ta shekara biyu tana roƙon Allah ya ba ta, ga shi an miƙo mata a barandar asibiti. Ta tsaya tana kallonsa.

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce ɗan sanda na jiranta a ciki.

Dogo ya farfaɗo, bututun na bakinsa, fuskarsa a kumbure har ba a gane shi. Ɗan sandan yana zaune a gefen gado da littafi a kan cinya. Baba da Umma suka biyo ta suka tsaya a bakin labule.

"An ce a gabanki aka yi," in ji ɗan sandan. "Shi ba ya iya magana. Su wa suka yi masa haka?"

Dogo ya juyo da ido ɗayan da ke buɗuwa. Ya gane abin da ake ciki. A hankali ya girgiza mata kai, ya sake girgizawa.

Ta dubi shatin gwiwar yayanta a ƙirjinsa, baƙi ƙirin a ƙarƙashin wayoyin na'ura. Ta ji Umma na kiran sunanta ƙasa-ƙasa a bayanta. Ta share fuska da ragowar mayafinta, ta jawo kujera ta zauna.

"Mu huɗu ne," ta ce. "Fara rubuta nawa, ni na sari ɗaya daga ciki. Sai in ba ka sauran ukun."

Ɗan sandan ya buɗe biro. A bayanta ta ji takun Baba yana fita.